Jan Layin Bakin Mashigi

Da sunan Allah Mai jinƙai nake buɗe wannan takarda. Shekaruna saba'in da uku a bana, abin da zan ba da labarinsa kuwa ya auku shekara goma sha biyu da suka shige, sa'ad da nake shugaban masu lodin motoci a wani jirgin fito. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami, wata magana ce da ta fito daga bakin samarinmu na unguwar Highbridge da ke Bronx a New York ranar wata Juma'a, muna gidan abinci bayan an sauko daga masallaci. Ɗaya daga cikinsu ya tambaye ni sana'ar da na yi har na tsufa a ƙasar nan. Da na gaya masa, sai ya yi dariya ya ce, "Haba Alhaji, ai wannan fakin ne kawai. Ka ɗaga hannu, mota ta shige, a ba ka dala." Sauran suka taya shi. Ban tanka ba, domin ba a koyar da sana'a da tuwo a baki. Ga amsar a rubuce, wanda ya iya karatun Hausa ya karanta wa 'yan'uwansa.

Aikina na farko a kan ruwa ɗaukar katako ne. A zangon Kete Krachi aka haife ni, bakin tafkin Volta, kuma tun gemuna bai fito ba aka kai ni wurin Baba Tanko, wanda yake sarkin lodi a babban jirgin da ke ƙetarar da motoci. Damina biyu ba a bar ni na ɗaga wa direba hannu ba. Nawa kawai, idan mota ta tsaya, in ruga in tokare tayarta da katako, gaba da baya. Wata rana motoci biyu suka zo, iri ɗaya, an rufe su da tamfal. Baba Tanko ya ce in zaɓi wadda za ta fara shiga. Na nuna ta gaba, domin ita ce a gaba. Ya kama ni da kunne, ya sunkuyar da ni ƙarƙashin motar, ya ce, "Kai, Garba, fuska kake kallo? Dubi sifirin." Ta gaban kwandunan wofi ta ɗauko, ta bayan kuwa cike take da doya har sifirin ɗinta ya miƙe. Mai nauyi ita ke zama tsakiya, marar nauyi ta bi gefe. Yakan sa in tuɓe takalmi in tsaya a kan ƙarfen jirgi, in rufe ido, in gaya masa ɓangaren da ya rinjaya. Jirgi ba ƙasa ba ne. Ƙasa kome ka ɗora mata ta ɗauka ba ta cewa uffan, ruwa kuwa yana auna kowane kaya, kuma ba ya karɓar haƙuri.

Kakana bafatake ne, da ayarin goro ya shigo ƙasar Gwanja, kuma a bakinsa na fara jin zancen kuɗin fito. Yakan ce garin bakin kogi a hannun sarkin jirgi ransa yake. Idan sarkin jirgi ya tsawwala, madugu ba ya gardama, sai dai baɗi a ji ayari ya sake hanya, kasuwar garin ta zama makiyayar awaki. Idan kuma ya sassauta ƙwarai, ayari ya yi wa gari yawa, jakuna su cinye ciyawa, su gurɓata rijiya, ɗan gari ya rasa jirgin da zai kai shi gonarsa. A lokacin na ɗauka hira ce irin ta tsofaffi. Sai da na ƙetare teku, na yi furfura, sa'an nan na ga abin da idona.

Da na zo New York, a wani garejin ƙarƙashin ƙasa a Manhattan na fara, ina jera motocin masu kuɗi. Wani Bature mai suna Kyaftin Walter yakan ajiye motarsa a wurinmu idan ya shigo birni ganin likita. Rannan ya tsaya yana kallona ina cusa wata doguwar mota a gurbin da abokan aikina suka ce ba za ta shiga ba. Ya tambaye ni inda na koya. Na ce a kan ruwa. Ya ce shi ma a kan ruwa yake ci, kuma yana neman mutum. Haka na koma sana'ar ubangidana a ƙasar da ban zaci akwai ta ba.

Mashigin yana can gabas, inda ƙasa ta ƙare. Daga Bronx sai ka shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa, ka sauka, ka hau jirgin ƙasa har tashar da ba wata a gabanta. Ina kwana a wani ɗaki kusa da ruwa, ran Alhamis da yamma in dawo wurin iyali. Tsibirin da muke kai mutane ba zan faɗi sunansa ba, haka kamfanin jirgin. Ƙaramin wuri ne: masunta, 'yan gonaki, gidan burodi ɗaya, gidan mai ɗaya, masauki ɗaya, da wani fili a bakin teku inda baƙi ke yada zango da motocinsu. Ba gada. Garin burodinsu, maganin asibitinsu, har akwatin gawarsu, duk ta hannunmu suke wucewa.

Kayan aikin mai lodi ba su da yawa. Akwai riga mai ƙyalli, domin direba ya gan ka cikin hazo. Akwai usur, da katakan tokare, da sarƙa saboda ranar da teku ta yi fushi. Akwai sandar awo, doguwa, ta itace mai nauyi. Amma babban kayan aikin hannu ne. Kana tsaye a gaban ƙarfe mai nauyin giwa, kana tafiya da baya, ruwa yana bayanka, wanda ke riƙe da sitiyari kuwa ba ka taɓa ganinsa ba, ba ka san ko ya yi barci jiya ba, ba ka san ko faɗa yake da matarsa ba. Maganar da na fi furtawa a aikin nan ita ce, "Kada ka dubi madubi, ni za ka duba." Ɗan gari ba ya bukatar a gaya masa. Mai motar tsada yakan ji haushi baƙin mutum yana ba shi umarni, sai ka ƙara tausasa murya, ka ƙara tsananta hannu. Mai tsoro shi ne mafi haɗari, domin idan ya firgita yakan taka mai a maimakon birki. Irin wannan sai ka matso, ka ɗora tafinka a kan motarsa kamar mai lallashin doki.

Sai kuma motocin da labarin nan ya rataya a kansu. Hausa tana da sunansu tun kafin wayar hannu ta ara shi: tafi-da-gidanka. Mota ce mai ɗaki a cikinta, da gado, da murhu, da makewayi. Galibin masu ita tsofaffi ne 'yan fansho, miji da mata, sun sayar da gida ko sun kulle shi, suna yawon ganin duniya kafin a kira su. Wata rana ruwa ya janye ƙwarai, gadar da ke haɗa jirgi da ƙasa ta yi gangare kamar bakin rijiya. Wata irin wannan mota ta zo. Tayoyinta na baya suna can tsakiya, wutsiyarta ta yi tsawo a bayansu, idan gaba ya sauka sai wutsiya ta kama ƙarfen gada, motar ta maƙale, ba gaba ba baya, jirgi ba tashi. Na tsayar da ita, na sa aka jera faffaɗan katako ƙarƙashin tayoyin baya, na shigo da ita a karkace, taya ɗaya bayan ɗaya, tsohuwar cikin tana rufe da ido tana addu'arsu. Kafin wannan kuma sai ka tabbata an rufe tukunyar gas, an naɗe madubai, ka duba ko tankin ruwanta a cike yake, domin mai cikakken tanki da marar ruwa kamar motar doya ce da ta kwanduna. Guda ɗaya takan ci gurbin ƙananan motoci uku.

A nan Iliya ya shigo. Mutumin Birnin Ƙonni ne, ɗaki ɗaya muka zauna a Highbridge sa'ad da muke gwauraye, yana ce mini Yaya, ko kuwa idan tsokana ta motsa, "maci dokunu", wato mai cin tuwon masarar nan na ƙasar da aka haife ni. Ni kuma ina ce masa Mushe, yadda ake kiran namiji da Faransancin ƙasarsu. Tebur yake kafawa a titi na 125 a Harlem, yana sayar da tabarau da man kaɗe da turare, kullum cikin ɓuya da masu kama 'yan tebur. Wata bazara ya biyo ni ya ga teku, ya zagaya tsibirin, ya dawo yana lissafi da yatsu. Bayan shekara ya kama hayar wani ɗan shago a kan hanyar filin zangon. Ya zuba malafa, da kwanduna, da faifai, da man kaɗe, ya ƙara da ƙanƙara da gawayi da tukwanen gas. Allah ya sa wa abin albarka. Mai zuwa da safe ya koma da yamma ba ya sayen kome sai abin sanyi. Masu tafi-da-gidanka kuwa sukan yi mako biyu, kowace safiya suna bukatar ƙanƙara, kuma kowace tsohuwa tana da jikoki da za ta kai wa tsaraba. Da shagon nan Iliya ya yi aure, ya ɗauko matarsa, ya kama gida a unguwar Soundview. Watannin zafi yake nema, ya ci har shekara ta zagayo.

A shekarun nan kamfani yana karɓar kuɗin waɗannan motoci kusan daidai da na ƙaramar mota, domin a jawo baƙi. Suka kuwa zo. Labari ya bazu a tsakaninsu, layi ya riƙa kaiwa har bayan gari. Na sha barin motar garin burodi a bakin mashigi domin ba gurbi. Na ga mace 'yar tsibiri tana kuka a cikin motarta, ta rasa ganin likitan da ta yi wata uku tana jira. Mai masauki ya ce waɗannan baƙi ba su kwana wurinsa, mai gidan abinci ya ce da guzurinsu suke zuwa daga manyan kantunan ƙetare, abin da suke bar wa gari shara ce da ruwan makewayi. Mai gidan mai da mai filin zango da Iliya suka ce ƙarya ne, da su ake ci. Kowa gaskiya ya faɗa, iyakar abin da ya gani daga ƙofarsa. Aka yi taron gari, aka ɗaga murya, masu cewa a tsawwala suka fi yawa.

Da bazara ta gaba ta kama, na zo aiki na tarar an kafa farin turke a bakin mashigi, an ja jan layi a ƙasa a bayansa. Dokar mai sauƙi ce. Mota ta sa hancinta a turke, ni kuma in tsayar da sandata a miƙe a kan jan layi. Idan sanda ba ta taɓa kome ba, tsohon kuɗi. Idan ta taɓa, ko da kan ƙusa ne, sabon kuɗi, wanda ya ninka tsohon sau da yawa, zuwa da dawowa. Wannan ita ce muguwar shekara. Layi ya gajarce. Filin zango ya koma wurin kiwon tsuntsayen teku. Ƙanƙarar Iliya ta riƙa narkewa a cikin akwati.

Amma Iliya ɗan kasuwa ne, ba ya kwanciya. Ya lura da yawa daga motocin nan ba jikinsu ne ke wuce layi ba, tarkacen da aka rataya musu a baya ne: ƙarfen ɗaukar keke, tsani, tayar safaya, akwatin kaya. Sai ya bar matarsa a shago, ya ƙetaro da sifana da gwangwanin mai, ya tsaya can farkon layi. Duk motar da ta zo, ya yi sallama da Turancinsa mai ƙamshin Faransanci, ya kwance mata wutsiya, a tura tsani da taya cikin ɗaki, kekuna kuwa masu su su tura su da hannu cikin fasinjoji masu shiga da ƙafa, kyauta. A ƙetare ya sake ɗaurawa. Bai karɓi ko sisi ba, sai dai ya nuna musu hanyar shagonsa. Na kai maganar gaban Kyaftin Walter, domin ba na aiki a ɓoye. Ya daɗe yana kallon Iliya kwance ƙarƙashin wata mota, ƙafafu a waje, sa'an nan ya ce, "Abin da aka cire ba mota ba ne. Auna abin da ka gani."

"Ka gani, maci dokunu?" in ji Iliya, yana share hannu. "Ku kuna da sanda, mu muna da sifana."

Na ce, "Mushe, ka dai kula kada wata rana ka kwance wa wani inji."

Da wannan dabara ya ja numfashi, amma bai ƙoshi ba. Hayar shagon tana ƙarewa da ƙarewar zafi, mai ginin kuma ya gaya masa akwai wani mai so. Begensa duka ya rataya a kan wani ayari. Wasu tsofaffi ne, motoci goma sha wani abu, abokan juna, kowace shekara sukan zo tare a ƙarshen zafi su yi mako biyu. Shugabansu wani dogon dattijo ne, tsohon direban jirgin ƙasa, shi ke gaba, inda ya juya nan suke juyawa. Mu a tsakaninmu Madugu muke ce masa. Cinikin ayarin nan shi kaɗai yakan biya wa Iliya hayar shekara. Ya cika shago da kaya dominsu, har da malafa masu faɗin da matar Madugu take so.

Ranar da za su zo, da safe, ina ɓangaren tsibiri, wani masunci ɗan gari mai suna Frank ya zo yana jan ƙaramin kwalekwalensa a kan tirela, zai kai gyara. A can ma akwai turke da layi. Na tsayar da sanda, farfelar injin ta taɓa ta, abin da bai fi yatsu uku ba. Frank ya ce an haife shi a tsibirin nan, ubansa ma haka, layin nan ba dominsa aka ja ba, domin baƙi ne. Na ce ban ga sunan kowa a rubuce a kan layin ba. Ya zage ni, ya zagi kamfani, ya biya.

Bayan azahar ayari ya iso bakin mashigin ƙetare. Frank ma ya dawo, yana cikin layi, ya fito ya jingina da motarsa yana shan taba. Iliya ya bi motocin ɗaya bayan ɗaya da sifanarsa, tsofaffin suna ta dariya, suna ɗaukarsa hoto. Duka suka shiga ƙarƙashin awo. Saura ta Madugu, wadda sabuwa ce, ta fi ta bara tsawo. Iliya ya cire ƙarfen keke, ya cire tsani, ya cire taya. Ya rage wani bamba na baƙin ƙarfe, wanda aka yi wa walda da jikin motar. Ya zagaya shi, ya buga shi da sifana, ya tsuguna ya leƙa. Ba ƙusa ko ɗaya.

Madugu ya sa hanci a turke, ya sauko. Tun ban tsayar da sanda ba, ido ya riga ya gaya mini: bamban ya wuce layi da taƙi ɗaya.

Iliya ya sha gabansa da sauri, ya ce masa da Turanci kada ya damu, shi zai cika abin da ya ƙaru daga aljihunsa. Dattijon ya dafa kafaɗarsa, ya ce, "Ɗana, ina da kuɗin. Ba kuɗin ba ne. Tun gashina yana baƙi nake zuwa tsibirin nan, a nan muka watsa tokar gawar ɗan'uwana bayan an ƙona ta. Wannan layi an ja shi ne domin a ce mana ba a son mu. To, bari sandar ta faɗa. Idan ta ce ni gajere ne, in shiga. Idan ta ce ni dogo ne, na ji saƙon, in juya."

Sai Iliya ya matso kusa da ni, yana murmushi domin kada Turawa su gane, ya yi magana da Hausa ƙasa-ƙasa.

"Yaya, taƙi guda na. Karkata sandar kaɗan."

Na ce, "Ba ta karkata."

"Itace na hwa, ba Alƙur'ani ba. Wa za ya gani?"

"Ga Frank can. Da safe yatsu uku na kama shi da su."

"Frank shina da jirgi, shina da gida, shina da ƙasa tai. Ni mi gare ni? Butik ɗin nan, ɗan shagona, shi ɗai. Dubi jirginku, Yaya, wohi shikai. Wa za ka tauye ma wuri?"

A nan gaskiyarsa ce. Jirgin ko rabi bai cika ba, da motar ta shiga ba wanda zai rasa gurbi.

Ya ce, "Don ɗakin da munka kwana. Don ɗiyana, da kai ka raɗa ma babban suna."

Na ce, "Iliya, matsa."

Ya matsa. Na kafa gindin sanda a tsakiyar jan layi, na tayar da ita a miƙe yadda nake tayar wa kowa. Ta bugi ƙarfen, ƙwas. Ana jin ruwa yana dukan ginshiƙai.

Madugu ya gyaɗa kai. Ya miƙo mini hannu muka gaisa, ya ce aikina na yi. Ya taimaki Iliya suka mayar da tsani da taya, ya hau, ya juya motar a hankali cikin filin nan mai ƙunci, ni ne ma na ba shi hannu har ya fita. Sauran suka bi shi ɗaya bayan ɗaya, wasu da kekunansu a kan gado, ba su tsaya an ɗaura ba. Matar Madugu ta ɗago wa Iliya hannu ta taga. Shi kuwa yana tsaye, sifana a hannu, mai ya ɓata masa gaban riga.

Muka tashi da 'yan motoci ƙalilan. Ina tokare tayar Frank, sai ya leƙo ya ce, "Me ya sa ba ka bar su ba? Ai da na kalli teku. Filin zangon nan na ƙanwar matata ne."

Na ce, "Da safe ba haka ka ce ba."

Ya ce, "Da safe kuɗina ne."

Iliya bai shiga wannan jirgi ba, na baya ya jira. Kafin sanyi ya shigo ya kwashe kayansa. Ni na yi lodin motar hayar da ta ɗauko su, malafa cike har rufi, na sa ta a tsakiya inda ba feshin ruwa. Bai dube ni ba, madubi ya duba, ni kuma ranar ban ce masa kome ba.

Filin zango ya rufe a shekara ta biyu. Gidan mai ya koma buɗewa rabin yini. Mai masauki bai sami baƙin da ya zata ba, domin wanda ya saba kwana a gadonsa ba ya komawa gadon haya, wani tsibirin yake nema. 'Yan gari kuwa suka sami abin da suka roƙa: duk sa'ad da suka zo akwai gurbi, mai ganin likita ta ga likita, garin burodi bai ƙara kwana a mashigi ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, kada wani ya raina shi. Sai dai a cikin motocin da na riƙa shigarwa cikin sauƙi har da na samarin tsibiri, da katifa a ɗaure a sama, masu tafiya neman aiki ba da niyyar dawowa ba. Daga baya kamfani ya goge layin, ya ja wani can baya, ya rage kuɗin. Ayarin bai dawo ba. Sun sami wani wuri a arewa, an ce har an san su a can.

An sha tambayata wane kuɗi ne daidai. Ban sani ba, kuma ban ga wanda ya sani ba. Abin da na sani, jirgi tsawonsa ɗaya ne, kowane taku da ka sayar wa baƙo ka hana ɗan gari, kowane taku da ka hana baƙo ka cire lomar wani ɗan garin. Masu yanke kuɗi suna ofis, su kan takarda suke gani. Mai sanda shi ke tsaye a inda takardar ta haɗu da fuskar mutum. Sandar kuwa amfaninta ɗaya ne tak, cewa yadda ta tsaya wa wannan haka za ta tsaya wa wancan. Ranar da ta karkata domin ɗan'uwana, gobe akwai ɗan'uwan wani, jibi akwai mai ba da goro, kuma baƙon mutum irina a garin da ba nasa ba, da miƙewarta kaɗai yake tsaye. Ban ce wannan ya biya wa Iliya shagonsa ba. Bai biya ba.

Abin nan a gaban mutane aka yi shi, da rana tsaka. Kyaftin Walter yana sama a ɗakin tuƙi, ya gani, yana nan da rai a gidan tsofaffi. Frank ya gani, amma ya riga mu gidan gaskiya. Babban mashaidi kuwa Iliya ne da kansa. Yana titi na 125, ya koma kan tebur, gemunsa ya yi fari, yana sayar da tabarau da man kaɗe. Mukan gaisa a wurin suna da jana'iza, ya tambayi iyali in tambayi nasa, amma tun ranar bai ƙara ce mini maci dokunu ba, Alhaji yake ce mini. Ku je ku sayi wani abu a wurinsa, ku tambaye shi. Zai ajiye abin da ke hannunsa, ya buɗe babban yatsa da manuni a kan tebur, ya ce muku iyakar abin ke nan, taƙi ɗaya. Kada ku yi masa gardama. Taƙi ɗaya ne, ni na auna.